Bin Salsala: Yadda Ake Yi wa Taurari a Talabijin, da Yadda Za Ka Yi wa Gidanku

A shekarar 2016 aka miƙa wa ɗan wasan kwaikwayon nan na Ingila, Danny Dyer, wata doguwar takarda a naɗe, aka ce ya warware ya bi sunayen da ke ciki. Mutumin da ya tashi a unguwar talakawa a gabashin Landan ya yi ta bi, daga wannan kaka zuwa wancan, har ya tsaya a kan Sarki Edward na Uku, wanda ya mutu tun 1377. Mamaki ya kama shi, kyamara kuwa tana kansa. Shirin Who Do You Think You Are? ke nan, wanda BBC ta fara nunawa a 2004. Amurkawa ma suna da nasu, Finding Your Roots, wanda Farfesa Henry Louis Gates na Jami'ar Harvard yake gabatarwa a tashar PBS tun 2012. Tsarin kusan ɗaya ne: a ɗauko tauraro, a bi masa salsala, a zaunar da shi ana buɗe masa shafi bayan shafi, ya yi dariya, ya yi hawaye.

Wanda duk ya kalla sai ya tambayi kansa, ni fa, wa ya haifi kakan kakana? Aikin yana yiwuwa, kuma ba sai da kuɗin BBC ba. Sai dai ka san abin da allon yake ɓoye maka. Sa'a ɗayan da kake kallo gumin watanni ne na ma'aikatan da ba a nuna fuskarsu. Sannan tsinta ake yi. Marigayi Michael Parkinson, shahararren mai hira da manyan mutane a talabijin, ya faɗa da bakinsa cewa an yi makonni ana tono kakanninsa, aka tarar masu haƙar kwal ne da 'yan ƙwadago, sai aka ce labarin ba armashi, aka fasa shirin. Yawancinmu irin kakannin Parkinson gare mu: manoma, masaƙa, marina, fatake, malaman zaure. In ka shiga aikin don neman rawani, za ka ƙare da ƙarya.

Ita ma sarautar Danny Dyer, lissafi yana rage mata kwarjini. Iyayenka biyu, kakanni huɗu, iyayensu takwas. A hawa na goma sun kai 1,024, a hawa na ashirin sun haura miliyan ɗaya. Cikin wannan taro ai dole a sami sarki, a sami bawa, a sami ɓarawon akuya. Abin yabo a shirin shi ne kowane tsani an taka shi da hujja, ba a tsallake ko ɗaya ba. Wannan ita ce doka ta farko, kuma ita ce aka fi karyawa a wajenmu.

Fara daga kanka, ka hau sama

Samu littafi mai bango mai ƙarfi. A shafin farko rubuta sunanka, na mahaifinka, na mahaifiyarka, da na iyayensu, gwargwadon abin da ka sani da tabbas. Kowane mutum ka ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, garin haihuwa, unguwa, sana'a, matan da ya aura ko mazan da ta aura bi da bi, 'ya'ya, inda aka binne shi. Inda ba ka sani ba bar gurbin fayau. Kada ka fara daga Bayajida ko wani sharifi ko wani mai tuta ka riƙa gangarowa kana neman inda za ka liƙa kanka. Daga ƙasa ake hawa, kuma inda hujja ta ƙare nan za ka dakata.

Tsohuwar gidanku kafin komai

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta Turawa. A Ingila gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun 1837, ƙidayar jama'a mai ɗauke da sunan kowa kuma tun 1841. Shi ya sa a shirin za ka ga ana ta shiga ɗakunan ajiye takardu. Mu rajistarmu tana zaune a kan tabarma a cikin gida, tana jan carbi, kuma ba ta da kwafi. Takardar da ke Kaduna za ta jira ka shekara goma. Goggo ba lalle ta jira baɗi ba.

Jera tsofaffin dangi, ka fara da wanda ya fi kowa shekaru ko rauni. Kuma ka fifita mata. Tsoho zai ba ka layin maza tsaf, wane ya haifi wane, da labarin sarauta da yaƙi. Tsohuwa ce ta san wa ya auri wa, wace aka saka, wace ta zo da agola, wane ne aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa. Wannan na ƙarshe ma ba tarihi kaɗai ba ne, hukuncin aure ne, don haka ka rubuta shi da kyau.

Wa za a tura? Jika. Ɗa yana jin nauyin uwarsa, ita ma tana jin nauyinsa, balle in ɗan fari ne da ko sunansa ba ta kamawa. Jika kuwa abokin wasa ne, abin da zai tambaya a yi dariya, in ɗa ya tambaya sai a ce ba shi da kunya. In jikar mace ce ma ya fi, don ita za ta kwana a ɗakin, kuma hirar da ake yi bayan an kashe fitila ba irin ta zaure ba ce.

Na gwada wannan da wata yayar kakana. Ranar farko na je da littafi da biro kamar mai karɓar haraji, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, sunan mahaifinku nake so." Ta dube ni ta ce, "Malam." Na ce wane Malam? Ta ce, "Kai maigida, yau kuma ƙidaya aka turo ka? Malam dai." Ba ta kama sunan ubanta, ba ta kama na mijinta, na tashi da shafi fari. Da na koma, sai na bar littafin a aljihu, na kai mata goro da turare, na zauna ina taya ta ɓarar gyaɗa. Na ce, "Hajiya, wai da aka kai ki ɗaki, a kan doki aka kai ki ko a ƙafa?" Nan take bakin ya buɗe. Ta faɗi garin da aka ɗauko ta, da wadda ta yi mata rakiya, da rijiyar da suka tsaya shan ruwa, da waƙar da 'yan mata suka yi. Sunan mahaifin nata kuwa, da na zagayo kansa, sai ta nuna wani yaro da ke wasa a tsakar gida ta ce, "Ai ga mai sunansa nan." Abba ake kiran yaron. Na tambayi uwarsa sunan yanka, ta ce Idrisu.

Darasin nan biyu ne. Tambayi labari, suna zai biyo baya. Sannan duk Abba da Baffa da Ummi da Inna da Mai-sunan-Malam da ke gidanku alama ce da aka kafa a kan wani kaka, bi ta ka tono sunan.

Ka ɗauki murya da waya, amma da izininta, ka ajiye wayar a gefe don kada ta zama abin kallo. A farkon ɗauka ka faɗi kwanan wata da wurin da sunan mai magana. Kada zama ya wuce sa'a ɗaya, tsoho yana gajiya, in ya gaji kuma zai riƙa ce maka "haka ne" don ka tafi. Kada ka sa mata amsa a baki. "Daga Borno kuka zo, ko?" tambayar banza ce. Ka ce, "Daga ina aka ce mutanenku suka taso?" Ka yi wa kowane tsoho tambayoyin shi kaɗai, don in ka haɗa su ƙarami zai bi bakin babba. A daren ranar ka tura muryar wani wuri na biyu. Ni na taɓa asarar hirar yini guda da wayata ta faɗa ruwa, kuma mai maganar bai sake samun lafiyar zama ba.

Sunayenmu suna ɓatar da mai bincike

Bature yana bin sunan gida ɗaya shekara ɗari uku. Mu kowane hawa sunan yana sauyawa: Musa ya haifi Ibrahim Musa, shi kuma ya haifi Sani Ibrahim. Waɗanda suka shiga makarantar boko da wuri kuma sau da yawa sunan garinsu aka liƙa musu, shi ya sa aka sami Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutum biyu masu amsa Gusau ba lalle su haɗa ko da maƙwabtaka ba. Ga Muhammadu da ya zama Mamman a nan, Mamuda a bakin wani da ya rikice, Mahamadou a takardar Nijar. Rubuta kowane salo da ka ci karo da shi.

Laƙabi kuwa shaida ce kyauta. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi, Bala da Balaraba ranar Laraba, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye. In ka ga Gambo a layin kuma ba ka ga Hassan da Husaini ba, to akwai waɗanda aka manta ba a faɗa maka ba, wataƙila sun rasu suna jarirai. Koma ka tambaya.

Sa wa labari shekara

Tsohuwa ba za ta ce maka 1953 ba. Za ta ce, "Ina goyon babanku aka naɗa Sarki Sanusi." Aikinka ne ka yi wa kanka jadawalin abubuwan da aka san shekarunsu. Na Kano misali: Turawa sun ci garin a 1903, Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Muhammadu Sanusi zuwa 1963, sai Inuwa na 'yan watanni, sai Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Kowace masarauta tana da irin wannan jeri, har na hakimai da dagatai. Ga kuma na kowa da kowa: yunwar Ƙaƙalaba a 1913 zuwa 1914, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, kisan Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙi hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, fari na wannan shekarar, kisan Murtala a 1976. A Nijar akwai samun 'yanci a 1960 da juyin mulkin Seyni Kountché a 1974. In aka ce yarinya ta fara tallar goro lokacin abu kaza, ka ƙiyasta shekara bakwai zuwa goma, ka rubuta "wajen" a gaban shekarar don kada wanda zai gaje ka ya ɗauka tabbas ne.

In ka sami shekarar Hijira a rubuce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1321 za ta ba ka 1903. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Adakar ɗaki da gafakar malam

Ba gaskiya ba ne a ce ba mu da takardu. Muna da su, ba a taru wuri ɗaya ba ne. Roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka. Nemi takardar rabon gado, don ita ce ke jera magada da sunayensu da matsayin kowa. Nemi takardar cinikin gida ko gona, ka kula da shaidu da maƙwabtan iyaka. Nemi rasitin haraji da jangali, fasfon aikin hajji, littafin sallamar soja, takardar fansho ta En'e ko ta jirgin ƙasa, da bayan tsofaffin hotuna.

In gidan malamai ne, ka yi sa'a. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi ko gefen shafi, da Larabci ko ajami. Mai kwafar littafi da hannu kuma yakan rufe da sunansa da na ubansa, wani lokaci har da kakansa da garinsu da shekarar da ya gama. Takardar ijaza tana nuna wa ya karantar da wa. Ɗauki hoton kowane shafi a inuwa mai haske, ka mayar da takardun yadda ka same su. Kada ka manna musu salatif, kada ka kai a rufe su da leda mai zafi, tana cinye tawada. In ba ka karanta ajami, kai wa malami hoton, asalin ya zauna a gida.

Fuska ma takarda ce. Zanen Gobirawa, na Kabawa, na Barebari, bille, 'yan baka, duk suna faɗin inda aka fito. Tunda an daina yi, tsofaffin hotuna da tsohon wanzamin gidanku su ne za su karanta maka. Haka unguwa: a birnin Kano sunaye irin su Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi da Dandalin Turawa (Larabawa ake nufi a nan) suna gaya maka su wa suka fara zama a wurin. Tambayi kuma su wa gidanku ke wasa da su. Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi. In kakarka Bakanuwa ce amma ba ta ganin Bayarabe ba ta tsokane shi ba, akwai abin bi a nan. Duk waɗannan manuniya ce, ba hukunci ba, don bawa yakan ɗauki zanen ubangidansa, baƙo ma yakan ɗauki na masu masaukinsa.

Sai yanzu ɗakin ajiye takardu

Kada ka je sai kana da sunan gari, sunan gunduma ta zamanin Turawa, da ƙiyasin shekaru. A Kaduna akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin lardunan Arewa suke, an kasa su lardi-lardi. Abin da za ka fara nema shi ne rahotannin ƙiyasin haraji da Di'o-Di'o suka rubuta kan kowace gunduma, da littafin bayanan gunduma. A ciki akwai tarihin kafuwar ƙauyuka, jerin dagatai, ƙabilu da sana'o'i. Akwai kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, suna ɗauke da naɗe-naɗe da wasiƙun masu karatu. Na Nijar su nufi ma'ajiyar ƙasa a Yamai, wasu takardun mulkin Faransa kuma suna Dakar da Aix-en-Provence.

Rage buri tun daga gida. In kakanka ba mai sarauta ba ne, ba alƙali ba, ba ma'aikacin En'e ba, kuma bai yi rigimar da ta kai gaban Razdan ba, da wuya ka ga sunansa. Abin da za ka samu shi ne duniyar da ya rayu a ciki: harajin da ya biya, shekarar da fara ta cinye gero, dalilin da ya sa rabin ƙauyen suka tashi. Bature kuma ta bakin tafinta ya ji, daga bakin hakimin da ke da tasa manufar. Rubuta lambar kowane fayil da ka duba, har wanda ba ka sami komai a ciki ba.

Waɗanda suka tafi ba su dawo ba

Kusan kowane gida akwai wanda aka ce "ya yi Gwanja" ko "ya yi gabas". Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun bar zuri'a a Salaga da Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana. Alhassan Ɗantata kansa, haifaffen Bebeji, mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, shi ma ya yi fataucin goro a can kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi a Kano. A zango, sarkin zango da limami su ne ƙofa. Ka tuna kuma da korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969, wadda ta raba gidaje da yawa biyu. Na gabas kuwa, bayan yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa ya wuce da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, ga kuma dubban alhazan ƙafa da suka yada zango a hanya suka zauna. Wanda aka ce ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, a nemi sunansa a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel, a gwada rubutun sunan iri-iri, don magatakardan soja yadda ya ji yake rubutawa.

Gwajin ƙwayoyin halitta

A talabijin shi ne ake ajiyewa ƙarshe don ya girgiza mutane. A wani shirin Gates na 2006 Oprah Winfrey, wadda ta ɗauka ita Bazuluwa ce, ta ji cewa layin uwayenta ya fi kama da na Kpelle na Laberiya. Ga baƙaƙen Amurka gwajin yana da dalili mai ƙarfi, don sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta yawancin kakanninsu da suna, kafin nan shekaru da jinsi da launin fata ake sawa, ba suna, a ƙarƙashin sunan mai su. Kai da ka san ƙauyenku, amfaninsa gare ka kaɗan ne. Iri uku ne: mai bin layin uba zalla, wanda maza kaɗai ke yi, mai bin layin uwa zalla, da na gaba ɗaya wanda ke gano dangi har wajen hawa biyar ko shida. Kason da ake ba ka, kaza cikin ɗari Najeriya, kaza Mali, ƙiyasi ne da aka gina kan mutanen da kamfanin ya riga ya gwada, kuma yana sauyawa in sun sabunta ma'auninsu. Ba zai ba ka sunan kaka ko ɗaya ba.

Yana kuma tono abin da ba ka nema ba. 'Yar wasan Amurka Kerry Washington ta gaya wa iyayenta za ta shiga Finding Your Roots, sai suka zaunar da ita suka faɗa mata cewa wanda ya rene ta ba shi ya haife ta ba. Sannan bayanan jininka na danginka ne duka: a 2023 an yi wa kamfanin 23andMe kutse aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan bakwai, a 2025 kuma kamfanin ya shiga kotu kan karayar arziki. Ni dai ba zan tofa yawu a kwalbar gwajin ba sai na yi shawara da manyan gida.

In ka tono abin da ba ya daɗi

Ben Affleck ya roƙi a cire labarin wani kakansa mai bayi daga shirin Gates, aka kuwa nuna shirin a 2014 babu shi. A 2015 wasiƙun kamfanin Sony da aka sata suka fallasa maganar, PBS ta jinkirta zango na gaba, ɓoyewar ta fi asalin labarin zama abin kunya. Mu ma wannan ƙaya tana gabanmu. Turawa sun ayyana cewa duk wanda aka haifa bayan Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Wato jiya-jiya ne. Za ka iya tarar da kakarka sa-ɗaka ce da aka kamo daga wani wuri, ko gidanku cucanawa ne, ko kuwa ku ne masu rinjin. In tsohuwa ta kai wani suna ta yi shiru ta ce "a bar wannan", kada ka matsa a ranar.

Abin da ya shafi gidanku ka rubuta shi yadda yake, ko da a littafin da ba kowa zai gani ba. Abin da ya shafi asalin wani gida kuwa ba naka ba ne, kalma ɗaya a dandalin WhatsApp na dangi tana iya rushe baikon wata yarinya da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Hadisi ya ce a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, kuma wannan ma'auni ya isa ya nuna maka abin da za ka yaɗa da wanda za ka adana.

Wajen rubutawa, kowace magana ka sa mata alamar inda ta fito: wadda ka gani a takarda, wadda tsofaffi biyu da ba su haɗu ba suka faɗa, da wadda mutum ɗaya ya ce ya ji an ce. In riwaya biyu suka saɓa, kawo su duka da sunan mai kowacce. Zana layin a babbar takarda, mata da maza, ka buga kwafi da yawa, ka raba wa kowane ɓangare na gidan a taron Sallah ko wani biki. Ka tafi da biro, don kafin a gama cin tuwo wata inna za ta ce ka manta da 'yar'uwarta da aka aurar Damagaram.